Filtar da Madu Ya Ɗaure

Duk wanda ya zauna a layin su Ya Gumsu a unguwar Bolori ta Maiduguri cikin shekarun tashin hankalin nan, ya san ƙarar motar ranar Juma'a. Da hantsi, bayan mata sun gama shara, sai ka ji inji ya yi tari, ya yi shiru, ya sake yi, sannan ya kama. Ya yi ta gurnani a ƙarƙashin bishiyar maina har shayi ya huce a kofi, kana a kashe shi. Motar ba ta zuwa ko nan da can, tayoyinta ma ba sa taɓa ƙasa, a kan bulo aka ɗora ta. Da farko mutane har zabura suke yi, ka san lokaci ne da ko murfin tukunya ya faɗi sai kowa ya nemi bayan ƙofa. Daga baya aka saba. Mai shayin bakin layi in ya ji sai ya ce wa masu zama a bencinsa, "Ku kwantar da hankalinku, Ya Gumsu ce ke gaisawa da mijinta."

Gumsu 'yar Umarari ce. Ubanta mai wankin hula ne, uwarta kuma mai haɗa turaren wuta da humra, sana'ar da ita ma ta gada. 'Yar ƙaramar mace ce, in ta naɗa lafaya sai ka ce lafayar ce ke tafiya da kanta. Amma baki? Tabɗi! In ta yi maka faɗa da Hausa ka gode wa Allah, sauƙi ka samu, don in ta juya harshe zuwa Kanuri to ka kama hanyar gida kawai. Mijinta Madu akasinta ne, dogo, mai faɗin kafaɗa, magana sai ta kama. Direba ne a hanyar Baga, yana da Fijo doguwa fara. Ya tafi da fasinja, ya dawo da fasinja da kwalayen banda a sama da baya. 'Ya'yansu mata biyu duk an aurar, babbar a Potiskum, autar kuma, Hanifa, a nan Gomari.

Zaman aurensu kaf yaƙi ne da ƙarnin kifi. Ka ji fa, mace mai sana'ar ƙamshi Allah ya haɗa ta da motar banda! Madu na shigowa ya kashe mota, kafin ya cire takalmi ta fito da kasko, ta barbaɗa turare a kan garwashi, ta cusa tsakanin kujeru, ta rufe gilasai tana mita.

"Baban Hanifa, wannan mota taka, kuliyoyin Bolori kaf sun haddace lambarta."

Shi dai sai murmushi. Wani lokaci ya ce, "Ƙarnin nan ai shi ke sayo miki itacen turaren." Ta ce ita ba ta ji ba. Haka suka yi shekara ashirin da ɗoriya, ba ta ci nasara ba, ba ta kuma saduda ba.

A shekarar da aka yanke wayar salula a garin, labari ya zo a bakin mutane cewa ƙauyen yayar Madu, can gaba da Monguno, ba ya zaunuwa. Hanyar ƙauyen rairayi ce, Fijo ba ta shiga, sai ya bi wani abokinsa mai a-kori-kura don su kwaso ta da 'ya'yanta. Ana gobe tafiya ya yi wa motarsa juye, ya zubar da tsohon baƙin mai ya zuba sabo, ya ɗaura sabuwar filta, wato gwangwanin nan da ke tace man inji, don yana dawowa zai yi lodi. Da safe zai fita ya miƙa mata makulli.

"In na kwana biyu ki riƙa tayar da ita, kada batir ya mutu. Kin dai san yadda ake yi."

Ta ce, "Na sani. Ka gaishe su."

Iyakar sallamar ke nan, wallahi. Ko rakiya zuwa bakin ƙofa ba ta yi masa ba, tana can tana jiƙa itacen turare.

A hanyar dawowa aka tare su, aka sauke maza, aka ce mata da yara su wuce. Su wa suka tare su? Oho. Kowa da irin kayan da ya ce ya gani a jikinsu, kuma a lokacin kaya ba ya gaya maka ko wane ne mutum. Yayar ta iso Maiduguri ƙafafu a kumbure. Madu bai iso ba. Gumsu ta yi yawo har takalminta ya suɗe: asibiti, ofis-ofis, sansanin 'yan gudun hijira, duk inda aka ce an kawo mutane, da rai ko babu, sai ka hango lafayarta a layi. Ba wanda ya ce mata ya mutu, ba kuma wanda ya ce mata ya gan shi.

Akwai abin da ya fi ci mata rai, wanda ba ta cika faɗa ba. Ranar da ya tafi, da ta ga motar za ta kwana a gida ba aiki, sai ta ce yau ta samu dama. Ta wanke kujeru, ta shanya tabarmin ƙasa, ta yi ta turara motar safe da yamma har ƙarnin ya fita tas. Karon farko ke nan da ta ci wannan yaƙi. Bayan watanni, wata rana kewarsa ta taso mata, ta buɗe ƙofar direba ta kifa fuska a kan kujerarsa tana neman ƙarnin nan da ta tsana. Babu. Sai ƙamshin aikin hannunta. Ranar ta yi kukan da ba ta yi ba tun da abin ya faru, kuma tun daga nan kasko bai sake shiga motar ba.

Abin da ya bar mata dai shi ne umarnin nan guda, ta kuwa riƙe shi gam. Ta zaɓi Juma'a. Ta sa aka ɗaga motar a kan bulo don kada tayoyi su ruɓe, ta ɗinka mata rufi da buhunan shinkafa. Da fetur ya yi wuya a garin, gara ta rage cefane ta sayi kwalba guda. Akwai wani bakanike mai suna Dzarma, mutumin Lassa, wanda garejinsa ke bayan layin, shi ne yake yi wa Madu aiki tun da. Shi ke zuwa ya ɗauki batir ya yi caji, lokaci-lokaci kuma ya shiga ƙarƙashi ya juye mai. Amma duk sanda ya ce a canza filta, sai ta ce a'a. Madu yana da wata ɗabi'a da duk garejin aka san shi da ita: bakanike ya yi duk aikin da zai yi, amma filta shi da kansa yake ɗaurawa.

"Bar ta, Dzarma. Mai ita zai canza in ya zo."

"Ya Gumsu, sabon mai a tsohuwar filta ai kamar wanka ne a mayar da rigar datti."

"To ta mayar. Na ce ka bar ta."

Da shekara huɗu ta cika, ƙanin Madu, Abdulwahab, wanda ke ɗinki a Gomari, ya zo ya zauna a bakin tabarma yana ta murza hula. Mutumin kirki ne, kada wani ya ɗauke shi mugu, shi ne ma yake kawo mata gero duk wata. Ya ce dangi sun zauna, sun tambayi malamai, an ce wa'adin jiran ya cika. A yi masa sadaka, ita kuma ta yi abin da addini ya ce, ta huta. Motar a sayar tun tana da sauran amfani. Ba da son ransa yake faɗa ba, shi ma ɗan'uwansa ne.

Gumsu ta bar shi ya kai aya, sannan ta ce, "Abdulwahab, jiya Juma'a ka tambayi mutanen layin nan, sun ji motar?"

"Sun ji, Ya Gumsu."

"To mai ita ne ya ce a riƙa tayar da ita kafin ya dawo. Ran da ta ƙi tashi ka zo mu yi wannan maganar."

Ta faɗe ta ne don ta rufe masa baki, amma magana ta riga ta fita, kuma ita ce ta fara ɗaure kanta da ita. Tun daga ranar, duk Juma'a da tsoro take murɗa makulli. Ta san ranar da injin nan ya yi shiru, ba ta da sauran abin da za ta tare dangi da shi, ba ta ma da abin da za ta tare zuciyarta da shi.

Ba a daɗe ba kuwa ta ga wani baƙin tabo a kan yashin ƙarƙashin motar. Mako na zagayowa tabon ya faɗaɗa, wata 'yar jar wuta ta fara ƙyaftawa a gaban sitiyari, injin kuma ya shiga wani ƙas-ƙas da ba ta san shi da shi ba. Dzarma ya zo ya kasa kunne, ya ce maza ta kashe. Ya ce robar bakin filtar ta bushe tana yoyo, cikinta kuma ya toshe, mai ba ya hawa sama yadda ya kamata. In ta ci gaba a haka, Juma'a biyu ko uku injin zai buga, in kuwa ya buga to sai dai 'yan gwangwan.

Ba ta yi gardama ba wannan karon. Washegari ta hau keke ta nufi shagunan masu kayan mota na wajen Tashar Baga, ita da ba ta taɓa sayen ko ƙusa ba. Ta tsaya a shagon farko ta ce a ba ta filtar Fijo. Aka ce mai wane kwali, ja ko shuɗi? Ta ce wanda ya fi kyau. Aka ba ta mai ja, ta ƙulle a bakin lafaya ta dawo tana jin ta gama aiki. Dzarma na buɗe kwalin ya dafe kai.

"Wayyo, laifina ne da ban gaya miki ba. Ya Gumsu, ai gangar jikin ce kawai Fijo. Injinta na asali ya gaji tuntuni, shi Ba Madu da kansa ya sa muka ɗora mata na wata motar Japan, ɗan Beljiyam. Wannan filtar ko kusa."

"To wace iri ce tata?"

"Nan ne fa. Shi yake sayo abarsa ya zo da ita a aljihu. Lambar jikinta kuma zafi da mai sun cinye. Sai dai mu kwance tsohuwar ki kai samfur, ai haka ake yi, a gwada baki da baki."

Ya zura hannu ta gefen injin ya kama filtar ya murɗa. Ko gezau. Ya goge hannu da tsumma, ya sake kamawa da hannu biyu har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ina! Ya naɗa mata tsohon bel ya ja, bel ya zame. Ya kawo sarƙa, babu wurin da za ta juya, don injin ba don wannan jikin aka ƙera shi ba, a matse yake. Dzarma ya miƙe yana haki yana yarfe hannu, ya yi 'yar dariya.

"Kai, Ba Madu! Wannan hannunsa ne, wallahi. Yana nan yadda ya bar shi."

Shi wasa ya yi, bai san inda maganar ta sauka ba. Gumsu ta matso a hankali, ta tattare lafaya, ta zura siririn hannunta ta dafa gwangwanin. Tufafinsa an wanke, ƙarninsa ita ta kore shi da kanta, muryarsa ma ta fara ɓace mata a kunne. Ashe duk shekarun nan ƙarfin hannunsa yana nan a tsakar gidanta, yana riƙe da abu, bai saki ba. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago ta tambaya yaya za a yi, Dzarma ya ce dabara ɗaya ta rage, a kafa mata sukudireba a buga da guduma ta huda ta, a murɗa da ƙarfin tsiya. Ta ce ya rufe murfin motar ya tafi, kuma da Kanuri ta faɗa.

Sai ta tuna da Ambrose. Wani Inyamuri ne mai shagon kayan mota, tana kiransa Baban Adaeze, wanda Madu ba ya sayen ko wayar wuta sai a wurinsa, har abincin salla take aika wa matarsa, su ma su aiko da Kirsimeti. Shekarar da aka yi ta ƙone-ƙone ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu. Ta ce in akwai mai sanin filtar nan ba tare da an taɓa tsohuwar ba, to shi ne. Ta shiga cigiyar lambar wayarsa, sai wani direba ya ce mata ai mutumin ya dawo tun bara, ya buɗe ɗan ƙaramin shago can ƙarshen layin masu taya.

Ta same shi ya yi furfura, ya rame, yana zaune a kan benci yana cin gyaɗa. Yana ganinta ya miƙe ya gaishe ta da Kanuri.

"Wushe, Ya Gumsu! Wushe, wushe! Ina abokina? Shekara guda da dawowata bai leƙo ni ba, fushi yake don na gudu na bar shi?"

Ashe ba wanda ya gaya masa. Ta gaya masa a tsaye, a gajarce, don ta gaji da ba da labarin. Ambrose ya koma ya zauna, ya zubar da gyaɗar hannunsa a ƙasa. Daga baya ya ce shi ma can garinsu bai iya zama ba, shekara talatin a Maiduguri, ya je ya tarar shi baƙo ne, ko barci ba ya yi sai ya yi mafarkin layin nan. Ya ce tun da ya dawo, duk farar Fijo da ta gifta sai ya ɗaga kai.

Da ta faɗi abin da ya kawo ta, ya jawo mata kujera ya shiga sauko da kwalaye. Ya ce ba sunan mota ake bi ba, inji ake bi. Ya juya mata ɗaya ta ga bakinta: ga robar da ke zagaye, dole faɗinta ya zauna daidai a kan fuskar injin, ga ramin tsakiya mai zaren ƙarfe inda ake murɗa ta. Ya ɗora mata biyu a tafin hannu, iri ɗaya a ido, ɗaya da nauyi, ɗaya kamar gwangwanin madara da aka shanye.

"Wannan marar nauyin jabu ce, kwalin kawai suka kwaikwaya, cikinta ba komai. Madu ba ya duban kwali. Sai ya auna a hannu, ya danna robar da farce, ya leƙa ciki kamar mai sayen kaza."

Gumsu ta yi dariya, rabonta da dariya har ta manta. Ta ce, "To wacce yake saya, Baban Adaeze?"

Ya sosa kai. Ya ce ta tsohon injin ya sani, sabon kuwa bayan shi Ambrose ya bar garin aka ɗora. Amma ya rufe shago da rana tsaka, ya zuba filta uku a leda, ya bi ta har Bolori. Ya duba injin sama da ƙasa, ya ajiye ɗaya gefe, saura biyu. Tsawonsu ɗaya, robarsu ɗaya, bambancin kawai a zaren ciki yake, kuma ba ya ganuwa sai an cire tsohuwar. Ta ce a yi canke mana, in an tashi. Ya ce ko canken ma ai sai an cire ta kafin a ɗaura wata, kuma wadda ba tata ba za ta yi kamar ta kama, inji na ɗaukar zafi ta fincike ta watsar da mai, kafin a kai hannu ga makulli an gama. Ya gwada murɗa tsohuwar shi ma, ya saki, ya girgiza kai, idonsa ya kawo ruwa.

"Na sha gaya masa, Madu, filta ba kokawa ba ce, robar na taɓawa ka ƙara kaɗan ka bari. Ba ya ji. Ya Gumsu, sai an huda ta. Ba wata hanya."

Ta ce ya ba ta lokaci. Ya bar mata filtocin biyu ya tafi.

Juma'ar da ta biyo, layin bai ji ƙarar mota ba. Mai shayi ya yi ta waiwaye. Gumsu tana ciki zaune da makulli a hannu, tsakanin abu biyu: in ta tayar, ta kashe injin, in ta bari a huda filtar, ta kwance hannunsa da kanta. Haushin kowa take ji, har shi Madun, mutum ya ɗaure abu kamar ba za a sake kwancewa ba! Ta ƙi cin abinci, ta kori mai sayen humra ba gaira ba dalili.

Ana cikin haka sai guɗa ta tashi a gida na huɗu da nata. Inuwa ne ya dawo, wani ɗan dako a kasuwar kifi da ya ɓace tun kafin Madu, wanda har an yi masa sadaka an raba 'yan kayansa. Haka kawai aka sauke shi a bakin titi da wata riga da ba tasa ba. Layin ya ɗauka, kowa na rige-rigen zuwa barka. Gumsu ta shiga da turarenta a hannu, ta gan shi jingine da bango. Mutumin da a da yake saɓa buhu a kowace kafaɗa, yanzu matarsa ce ke riƙe masa kofin shayi a baki, don yatsunsa ba sa iya rufuwa a kansa. Ta durƙusa ta tambaye shi ko ya ga Madu a inda yake. Ya dube ta, ya ce mutane suna da yawa, Ya Gumsu, wurare ma suna da yawa. Bai ce ya gan shi ba, bai kuma ce babu shi ba.

Ta fito ba ta ko koma gida ba, ta wuce garejin Dzarma ta ce ya kira Ambrose gobe da safe. Tunda Inuwa ya dawo, ai ana dawowa ke nan. Kuma mutum ba zai dawo ya tarar ta bar motarsa ta mutu saboda gwangwani ba.

Suka zo su biyu. Dzarma ya shimfiɗa buhu, ya tara roba a ƙasa, ya kafa bakin sukudireba a cikin filtar, ya ɗaga guduma.

Ta ce, "Tsaya. Ba ni."

"Ya Gumsu, za ki ɓata lafayarki."

"Taka ce?"

Ya miƙa mata. Ta yi bisimilla ta buga, bai shiga ba. Ta sake, ta sake, a na ƙarshe ƙarfen ya huda, baƙin mai mai kauri ya biyo hannunta har gwiwar hannu. Dzarma ya kama sukudireban, ita ma ta kama, suka danna tare. Filtar ta yi wata 'yar ƙara ta saki. Gumsu ta ji sakin har cikin ƙirjinta, hawaye na zuba ba ta share ba, don hannuwan duk mai ne. Da kanta ta ƙarasa warware ta, ta ciro ta a lotse, ta rungume a jikin lafayar.

Ambrose ya karɓa a hankali, ya goge bakinta, ya leƙa, ya gwada da sababbin biyu, ya gwada su kuma a kan ƙarfen injin da yatsa biyu. Ɗaya ta cije tun a zagayen farko. Ɗayar ta bi sumul.

"Ga ta nan. Wannan ce tasa."

Ya dangwali sabon mai ya shafa a robar, ya zura hannu ya shiga murɗawa. Da robar ta taɓa, ya gyara tsayuwa zai ƙara ƙarfi, sai Gumsu ta dafa masa hannu.

"Baban Adaeze, kada ka matse."

"Ba zan yi irin ta Madu ba. Amma in ta yi sako-sako za ta yi yoyo."

"Iyakar yadda ba za ta yi yoyo ba. Kada ka ƙara ko kaɗan a kai. Ta gaba shi zai canza. Na ga Inuwa jiya. Ba da hannun da ya tafi da shi zai dawo ba, kuma ba na so ya kama abin motarsa ya kasa kwancewa a gaban mutane."

Dzarma ya sunkuyar da kai yana ta goge sifanar da ba ta da datti. Ambrose ya murɗa kaɗan, ya tsaya, ya ja da baya ya ba ta wuri. Gumsu ta zura hannu ta kama sabuwar filtar, ta gwada ta da ɗan ƙarfinta na mace, ta ji alamar za ta biyo in an matsa mata. Ta mayar da ita daidai inda take.

Ta ce, "Yauwa. Wannan zai iya."